Radi Ta Rasa Murya

A tashar Railways, fasinjan Rongai ba ya tambayar kuɗin mota, ba ya tambayar ko da sauran wuri. Tafin hannunsa yake ɗorawa a jikin matatu, wato bas ɗin haya. In ya ji ƙarfen yana karkarwa har gwiwar hannunsa, ya shiga ko da a tsaye zai tafi. In bai ji komai ba, ya goge hannun a wando ya yi gaba abinsa.

Ni Barasa, kwandastan motar da ake kira Radi, tun farkon makon nan nake tsaye a bakin ƙofa ina kallon 'yan makaranta suna goge hannu a gabana. Radi fa! Motar da in ta shigo tasha sai masu tallan dafaffen ƙwai su dafe farantansu. Fenti yana nan, fitilu suna nan suna wasa, talabijin na ciki yana nan mawaƙi na ta wage baki. Bes ne kawai ya ɓace, wannan dirin da ke dukan ƙirji, wanda ke fitowa daga manyan lasifiku biyu, wufa, da ke cikin akwati a bayan kujerar direba. Abin da ya rage mana wani ɗan ƙis-ƙis ne irin na rediyon mai gadi.

"Barasa, mura ce ta kama amaryar taku?" in ji Kamotho, kwandastan Mamba, motar da ke bin bayanmu a layi. "Ku ba ta lemun tsami da zuma mana."

"Ka ji da haƙoranka tukuna," na ce masa.

Ya yi dariya da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya kwashe fasinjojin da suka goge hannu a kanmu. Mamba ta cika ta tashi muna nan tsaye. Na ji kamar in ciji ƙofar motar.

Mai motar, Mama Nyokabi, ba ruwanta da kiɗa, a gidanta ko rediyo sai ranar Lahadi. Amma ta san abin da ke cika mota. Da labari ya kai mata, ta baro shagonta na kayan gini ta zo tasha da kanta, ta ɗora hannunta mai zobba a jikin Radi, ta dube ni.

"Ina muryar motata?"

"Mama, za a gyara."

"Ranar Asabar zan dawo in sake ɗora hannun nan. In ban ji komai ba, na cire ta daga Rongai, ta koma layin 'yan kasuwa, daga kasuwar Marikiti zuwa Kiserian. Dankali da kabeji ba su neman kiɗa."

Wanda bai yi aikin mota ba ba zai san nauyin maganar nan ba. Na yi shekaru ina lilo a ƙofar akwalar motoci, ɗora buhu sauke buhu, kafin Allah ya kawo ni Rongai. A nan kwandasta mutum ne. An san sunansa, 'yan mata suna ɗaukar hoto da shi, mai aski ba ya barinsa a layi. A ce in koma jayayya da tsofaffi a kan kwandon kaji? Gara in koma ƙauyenmu in yi noman rake.

Na shiga gaba na zauna kusa da direbana, Mutiso, wanda kowa ke kira Baba Mwende saboda 'yarsa Mwende. Ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum ne mai sanyi, ba ya tsere da kowa, ba ya shan komai sai shayi. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, tun daga Mama Nyokabi har haƙoran Kamotho. Yana kallon gaba, ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce.

Wannan "haka ne" ita ma ta ishe ni. 'Yan watannin nan duk abin da ka faɗa masa, haka ne. Ga shi ya koyi wuce tasha. In ƙwanƙwasa gilashi da ƙwandala, alamar akwai mai sauka, shi ko a jikinsa, sai ya yi nisa fasinja ya bi ni da zagi. Maimakon ya gyara hali, sai ya sayo wani ƙarin madubi ya maƙala a sama wai don ya riƙa ganin hannuna. Na ce tsufa ne ya fara yi masa sallama.

Da rana ta take, fasinja ya ja baya, muka gangara Grogon, unguwar makanikai, wurin Kinuthia, fundi, wato makanikin da ya haɗa kiɗan Radi tun farko. Gajere ne mai tumbi, kullum da guntun waya a tsakanin haƙoransa, kuma duk lasifikar da ya taɓa ɗaurawa a garin nan 'yarsa ce ta cikinsa. Bai tambaye mu komai ba. Ya auna batir, lafiya lau. Ya zaro fiyus ya ɗaga shi ga rana, lafiya. Ya kwanta ya ja wayar da ke ɗaure a ƙarfen mota, tana nan daram. Ya murɗa maɓallan amfilifaya ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Sannan ya ce in ƙara murya, ya ɗora yatsa a fatar wufa ta dama, wani yatsan a ta hagu, ya rufe ido.

"Wane jaki ne ya taɓa min aiki?"

"Ba wanda ya taɓa, Fundi."

"Kawo hannunka nan. Ka ji? Wannan tana fitowa, waccan tana shiga. Iskar da ɗaya ta turo, ɗayar ta shanye. Dubi yadda 'ya'yana suke wahala a banza! An juya wa guda waya, ja a wurin baƙa, baƙa a wurin ja."

Ya zaro sukundireba daga bayan kunnensa, kafin in ƙifta ido ya mayar da kowace waya gidanta. Radi ta buɗe baki. Kofunan Akoth, mai shayin da ke bakin garejin, suka hau rawa a kan teburinta, wani kare da ke barci a ƙarƙashin tirela ya fito da gudu bai waiwayo ba. Na rungume Kinuthia duk da baƙin man da ke jikinsa. Na juya in rungumi Baba Mwende, sai na hango shi can tsallaken titi yana cinikin gasasshiyar masara.

Yammacin ranar har faɗa aka yi a ƙofata wajen rububin shiga. Na bi ta gaban Kamotho ina fito.

Washegari da safe fasinja na farko ya ɗora hannu, ya dube ni, ya goge a wando.

Na koma Grogon raina a ɓace, tun daga bakin titi na fara. "Fundi, aikin naka kunu ne da ba ya kwana? Jiya-jiya fa!"

"Ka iya bakinka, ɗan ƙaramin kwandasta. Tun kana tsotson yatsa nake haɗa kiɗa a garin nan."

Ya buɗe bayan akwatin, ya tsaya. Ya cire wayar da ke bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"An sake juyawa. Barasa, waya ba ta da ƙafa. Ba ta tashi ta sauya wuri don kanta. Kuna da maƙiyi."

Ban sha wahalar neman maƙiyin ba. Radi tana kwana a gidan mai a Rongai, kafaɗa da kafaɗa da Mamba. Muna komawa tasha na ci kwalar Kamotho. Aka yi ta kokawa a cikin ƙura har masu kula da layi suka raba mu, rigata sabuwa ta yage tun daga wuya har cibiya.

"Ni in zan kashe motarku sai in tsaya wasa da waya?" in ji shi yana kakkaɓe jiki. "Na rantse da kabarin kakata ban taɓa ta ba. Amma ji nan, mahaukaci. In sun koma ɗaukar kaji, ka zo Mamba. Muna neman kwandasta na biyu, kuma duk rashin hankalinka ka iya kiran fasinja."

Na tofar da yawu na wuce. Na titsiye mai gadin gidan man, ya ce shi bai ga kowa ba. Na titsiye mai wankin mota, ya ce shi ko sanin inda wayar take bai yi ba, kuma in ina da ƙarfin faɗa in fara ɗinke rigata. Na zo na ba Baba Mwende labarin duka, har da nuna masa yagar.

"Haka ne," ya ce.

Da muka je Grogon karo na uku a kan magana guda, Kinuthia ko zagi bai yi ba. Ya gyara wayar, ya jira Baba Mwende ya tsallaka wurin mai masara kamar kullum, ba don yana zarginsa ba, sai don ya ce sirri in ya wuce mutum biyu ya zama wa'azi. Sannan ya ɗaga murya.

"Akoth! Ara min janbakinki."

"Kai da wannan bakin naka? Sai dai fentin mota."

"Ba ni zan shafa ba, 'yata ce."

"In ka ƙarar min sabo za ka saya, kuma ba na 'yan tebur ba."

Ya murza janbakin a jikin notunan da wayoyin, ta baya inda ido ba ya kaiwa. Ya ce wannan ba ya bushewa, kuma ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Ya ce gobe in bi hannuwan mutane da kallo.

Na bi su kuwa. Ranar Juma'a tun da sassafe na duba hannun mai gadi, na duba na mai wanki. Na miƙa wa Kamotho hannu muka gaisa, abin da ban taɓa yi ba, na juya tafinsa sama da ƙasa, har ya tambaye ni ko na koma duba ne. Babu ja a hannun kowa. Muka kunna kiɗa, ƙis-ƙis ɗin nan dai. Muka shigo gari da rabin mota, muka shiga layi a Railways, ni kuwa abin duniya ya ishe ni. Gobe Asabar. Na buɗe ƙofar gaba na faɗa kujera in yi wa Baba Mwende ƙorafi.

Hannunsa yana kan sitiyari. An wanke shi, an goge shi, har fatar ta yi haske. Amma a gefen farcen babban yatsa da na manuni, ga janbakin Akoth nan ja wur.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Mutumin da muke cin githeri, dafaffen wake da masara, a kwano ɗaya! Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na kira shi munafuki, na kira shi maci amana, na ce nawa 'yan Mamba suka ba shi, na tuna masa rigata, na tuna masa shekarun da na yi ina ɗaukar buhu. Na ce da girmansa da furfurarsa bai ji kunya ba. Yana kallon gaba, da ya ga ta gefen ido bakina ya tsaya, sai ya gyaɗa kai.

"Haka ne."

Ba a kiran mutum maci amana ya amsa da wannan sanyin. Na rage murya na ce, "Baba Mwende, motar ta kama da wuta."

"Haka ne."

Na sauka. Na zagaya ta gaban motar na je tagarsa ta dama, na kira sunansa ba da ƙarfi ba. Ya juyo firgigit.

"Nuna min hannunka."

Ya dubi yatsun, ya dube ni. Bai ɓoye su ba. Ya ɗaga mai janbakin ya taɓa kunnensa na hagu, wanda nake zama a gefensa kullum.

"Wannan ya tafi tun bara," ya ce. "Na daman ne ya rage. Shi ma in na wuni da bes ɗin nan a bayan ƙeyata, sai ya yi ta kuka kamar gyare har gari ya waye. Likita ya ce in zaɓa, ko kiɗan ko kunnen."

"To ka rage murya mana! Sai ka bi ta bayan gida?"

"Maɓallin a hannunka yake. In na rage sai ka ƙara, ka ce tsoho ya fara."

"Ka gaya wa Mama Nyokabi."

"Wa zai ba kurma sitiyari, Barasa? Ranar da ta ji, ranar zan ajiye makulli. Amma in mota ce ta rasa murya, laifin mota ne. Sai ta mayar da mu layin kasuwa, can ba mai neman kiɗa."

"Mu? Ni ka tambaye ni? Ni na ce maka ina marmarin kaji?"

"Kai ba ka rasa mota. Duk tashar nan an san Mamba na zawarcinka."

Har yanzu raina tafasa yake yi. Na ce, "Wato duk labarin da nake ba ka a kujerar can? Maganar budurwata Nanjala da iyayenta, da shanun sadakin da suka yanka min, duk shawarar da nake nema?"

"Haka…" Ya kama bakinsa. "Ban ji ko ɗaya ba."

Da ba direbana ba ne da na shaƙe shi ta tagar nan. Ya murza jan da ke farcensa, sannan ya ci gaba ba tare da ya dube ni ba.

"Watan jiya Mwende ta yi waƙa a makarantarsu, ita kaɗai a gaban jama'a. Na zauna a layin farko. Ina ganin bakinta yana motsi, ina ganin mata suna share hawaye, ni kuwa gyaren nan kawai nake ji. Da muka fito ta riƙe hannuna na hagu, ta ɗago kai ta tambaye ni wani abu. Na ce haka ne. Sai ta saki hannun."

Na tsaya a wurin da sauran zagi cike da bakina, na rasa inda zan zubar da shi. Wani ɗan makaranta ya zo ya ɗora hannu a jikin Radi, na daka masa tsawa na ce ya je ya dafa motar ubansa.

Ranar Asabar da safe, kafin mu bar gidan mai, Baba Mwende ya miƙo min sukundirebansa.

"Ka ga yadda fundi yake yi. Gyara in kana so. Ba zan sake taɓawa ba."

Na karɓa na jefa a aljihu. Tun daga Rongai har gari ƙarfen nan yana sukar cinyata. Aikin bai fi a sha kofin shayi ba: ja ta koma wurin ja, baƙa wurin baƙa, Radi ta dawo Radi. A kowace tasha sai na ce a ta gaba zan yi. Shi kuma yana ta tuƙinsa, idonsa a kan madubin nan da na daɗe ina yi wa dariya, yana jiran ya ga hannuna ya ɗaga.

Mama Nyokabi ta riga mu isa Railways. Mamba tana bayanmu tana diri, har cikin haƙorana nake jin ta, Kamotho ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu yana jiran kallo. Mama ta ɗora tafinta a jikin Radi, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Me fundi ya ce?"

Hannuna yana cikin aljihu a kan sukundireba. Na dubi gaba, Baba Mwende ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai ma san me ake faɗa ba.

"Ya ce wufar sun mutu, Mama. Sai dai a sayi sababbi."

In Kinuthia ya ji na yi wa 'ya'yansa wannan ƙagen, da sifana zai fasa min kai.

"Sababbi? In sayi sababbi don 'yan makaranta su yi rawa?" Ta goge hannunta a gefen zanenta. "Litinin, Marikiti. Kai kuma Barasa, na ji Mamba na nemanka. Ba zan riƙe ka ba."

Kamotho ya buɗe ƙofar Mamba har ƙarshe, ya yi min nuni da hannu kamar mai tarbar ango. Fitilu na wasa a ciki, 'yan mata sun cika kujerun baya. Na so in shiga, ba zan yi ƙarya ba, na so har ƙafata ta motsa.

"Wa zai riƙa ɗora buhunan?" na ce. "Wannan tsohon? Ai bayansa zai karye tun ranar farko, a ce ni na gudu na bar shi."

Kamotho ya ce dama ya san ba ni da hankali.

Yanzu muna layin kasuwa. Inda 'yan jami'a ke zama, kabeji ne. Tsofaffi suna kirana ɗansu sannan su cuce ni a kan kwando, wata kaza ta yi min kashi a sabon takalmi, mai askin ma ya fara barina a layi. Akwatin wufa yana nan a bayan kujerar direba, wata mai tumatir ta mayar da shi wurin ajiye jakarta. In na ƙwanƙwasa gilashi da ƙwandala kuwa, motar tana tsayawa cak a inda na ce.

Ban huce ba, kuma ba na ɓoye masa. Sai dai na daina zama a kujerar hagu ina ɓarnar yawu. Kullum da safe, kafin mu ɗauki kaya, sai na zagaya tagarsa ta dama in sauke masa na ranar, don kada ko ɗaya ya tafi a banza. Jiya na ce masa ya kashe min rayuwa.

Ya ce ƙarya nake yi, kuma in daina ihu, yana ji na.